Camille Pissarro: Akawun tashar jirgi da ya zana rayuwar 'yan dako

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Marke ko wata unguwa ta tsohon birnin Sakkwato ya san gulbi wurin neman abinci ne. Masunta suna can tun asuba, masu haƙar yashi suna loda wa tifa, manoman albasa da shinkafa suna fama da fadama, motoci kuma suna bin gadar Kwalkwalawa zuwa jami'a. Can ta hanyar Wamakko ga kamfanin siminti na Kalambaina, wanda tun shekarun 1960 yake tura ƙurarsa sama. Mun rubuta tarihin sarakuna da malamai, mun kuma kyauta. Amma kamannin wannan aiki na bakin ruwa, yadda yake jiya da yadda inji ya sauya shi yau, da wuya ka sami wanda ya zauna ya adana shi. A Faransa an yi wani mutum da ya ba da babban kaso na rayuwarsa ga irin wannan adanawa, da fenti da burushi, a bakin kogin Seine. Sunansa Camille Pissarro, kuma ɗan kasuwa ne ya haife shi.

Ɗan mai kanti a tsibiri

An haife shi ranar 10 ga Yulin 1830, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado a Sakkwato. Garin haihuwarsa shi ne Charlotte Amalie, a tsibirin St. Thomas da ke tekun Karibiyan, wanda a zamanin yake hannun ƙasar Danmak kafin Amurka ta saye shi a 1917. Tsibirin ƙarami ne, amma tasharsa mahaɗar fatake ce. Jiragen ƙasashe da yawa suna sauke kaya a nan, a sake rarraba su zuwa sauran tsibirai. Mahaifinsa Frédéric Bayahude ne daga birnin Bordeaux na Faransa. Ya je tsibirin don ya daidaita dukiyar wani ɗan'uwan iyayensa da ya rasu, sai ya ƙare da auren matar mamacin, Rachel. Shugabannin Yahudawan garin suka ƙi amincewa da auren shekaru da dama, abin da ya sa yaran gidan suka yi karatun farko tare da 'ya'yan baƙar fata, waɗanda akasarinsu jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Ba a soke bauta a tsibirin ba sai 1848, lokacin Camille yana saurayi.

Yana ɗan shekara 12 aka tura shi makarantar kwana a Passy, kusa da Paris. Shugaban makarantar ya lura da hannunsa a zane, ya ƙarfafa masa gwiwa. Da ya dawo gida a 1847, mahaifinsa ya yi abin da kowane mai kanti zai yi: ya sa shi cikin harkar gida. Aikinsa shi ne zuwa bakin tasha ya karɓi kaya, ya ƙirga, ya rubuta. Shekara biyar ya yi yana wannan akawunci, da littafin lissafi a hannu ɗaya, da takardar zane a ɗayan. Idan jirgi ya yi jinkirin sauke kaya, sai ya zauna ya zana 'yan dako da matuƙan kwale-kwale da mata masu tallar da suke zirga-zirga a gaɓa.

A ganina, waɗannan shekaru biyar su ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Wanda ya taɓa tsayawa yana ƙirga buhu ya san nauyin buhu. Idan ya dubi tasha, ya san wane jirgi ne ke saukewa, wane ne ke lodi, su wa ake biya da yini, su wa ke jiran a kira su. Abokansa masu zane sun zo bakin kogi ne a matsayin 'yan kallo, shi kuwa ɗan gida ne a wurin.

Ya haɗu da wani mai zane ɗan Danmak, Fritz Melbye, a 1852 ya ajiye littafin lissafi ya bi shi Benezuwela ba da son iyayensa ba. Ya yi kusan shekara biyu a Caracas da tashar La Guaira. Da iyayen suka ga yaro ya yi nisa, ba ya jin kira, suka haƙura. A ƙarshen 1855 ya sauka Paris, bai kuma sake komawa tsibirin ba, ko da yake takardun zama ɗan ƙasar Danmak ya riƙe har mutuwarsa.

Kasuwa mai ƙofa ɗaya

Paris ɗin da ya tarar ana rushe ta ana sake gina ta. Sarki Napoleon na Uku ya ba Baron Haussmann aikin fasa tsofaffin lunguna da shimfiɗa manyan tituna, layukan dogo suna fita ta kowace kusurwa, masana'antu suna tsirowa a gaɓar Seine. Kasuwar zane kuwa ƙofa ɗaya gare ta, wato baje kolin hukuma da ake kira Salon. Alƙalansa ne ke zaɓar abin da za a rataya, kuma sun fi son hotunan yaƙe-yaƙe da tatsuniyoyin Girkawa da manyan mutane, a goge su sumul kamar madubi. Wanda suka ƙi, masu saye ma sun ƙi shi. Sun karɓi aikin Pissarro a 1859, suka ƙi shi a 1863, suka riƙa karɓa suna ƙi bayan nan, yadda suka ga dama.

A wani ɗakin koyon zane mai araha da ake kira Académie Suisse ya haɗu da Claude Monet, daga baya da Paul Cézanne da Armand Guillaumin. Wannan na ƙarshen ma'aikacin gwamnati ne a sashen hanyoyi da gadoji, yana aikin dare don ya sami rana ta zane. Abin da ya haɗa su shi ne son fita waje su zana abu a inda yake, cikin hasken da yake ciki a wannan sa'a. Wata 'yar ƙirƙira ce ta sauƙaƙa musu: a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya fito da dabarar ɗura fenti a bututun kuza mai matsewa, irin wanda man goge baki ke zuwa a ciki yanzu. Da wannan, da jirgin ƙasa, mai zane na iya kai wa bakin kogi da safe ya dawo da yamma.

A gida ma bai bi abin da ake so ba. Ya kamu da son Julie Vellay, 'yar wani manomi daga yankin Burgundy, wadda ke aikatau a gidan mahaifiyarsa. Iyayensa suka ƙi, su kuma suka ci gaba da zama tare, aka haifi ɗansu na fari Lucien a 1863. Ba a ɗaura auren ba sai a 1871. Julie ce ta riƙe gidan a shekarun yunwa, tana noman lambu da kiwon zomaye da kaji, kuma ba ta ɓoye ɓacin ranta game da sana'ar da ba ta kawo cefane.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia, babbar daular Jamusawa. Iyalin suka bar gidansu na Louveciennes, suka ƙare a Landan. Sojojin Jamus suka mamaye gidan, suka mai da shi mayanka, suka shimfiɗa ƙyallayen zanensa a taɓo suna takawa. An ƙiyasta cewa cikin zane kimanin 1,500 da ya bari, aikin kusan shekara 20, kamar 40 kawai ya tarar da ya dawo. Ɗan kasuwar da gobara ta taɓa cinye masa shago ya san irin wannan tsayuwa a bakin ƙofa. Abu ɗaya ya samu a gudun hijirar: a Landan ya haɗu da dillalin zane Paul Durand-Ruel, wanda ya sayi ayyukansa biyu, ya kuma zama babban mai sayensa har ƙarshen rayuwa.

Hayaƙi a kan kogin Oise

A 1872 ya koma da zama Pontoise, wani gari a bakin kogin Oise, wanda ke zuba cikin Seine. A ɗaya gaɓar, a Saint-Ouen-l'Aumône, akwai wata masana'anta mai dogon bututun hayaƙi. Masu zanen da suka gabace shi, idan irin wannan ta shigo musu cikin kallo, juya mata baya suke yi ko su rufe ta da itace, don a ganinsu tana ɓata kyawun karkara. A 1873 Pissarro ya zauna daidai gabanta ya zana ta sau da yawa, da hayaƙinta yana gauraya da gajimare, da inuwarta a cikin ruwa, da jiragen dakon kaya suna wucewa. Bai ƙawata ta ba, bai kuma mai da ita dodo ba. Ya ajiye ta a inda take, kusa da gonaki, kamar yadda mutanen garin ke ganinta kullum.

Shekarar da ta biyo baya suka yanke shawarar buɗe tasu kasuwar. Suka kafa ƙungiya irin ta gama kai, Pissarro na cikin waɗanda suka tsara dokokinta, suka buɗe baje koli ranar 15 ga Afrilun 1874 a tsohon ɗakin mai ɗaukar hoto Nadar da ke titin Capucines. Kwana tara kafin nan 'yarsa Jeanne, wadda suke kira Minette, ta rasu ba ta cika shekara tara ba. Cikin abubuwan da aka rataya akwai wani zanen Monet na tashar jiragen ruwa ta Le Havre da hantsi bai fito ba, wanda ya sa wa suna da kalmar Faransanci mai nufin abin da ido ya kama a kallon farko. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar ya yi musu ba'a da ita, sunan Impressionist ya bi su. A Hausance za mu iya ce musu masu zanen kallon farko.

Salon nasu ba shi da wuyar ganewa. Ba sa goge fenti ya kwanta. Ɗan gajeren bugun burushi suke yi, launi kusa da launi, ta yadda idan ka matsa kusa sai ka ga dabbare-dabbare kawai, idan ka ja baya taku uku sai ruwa ya fara motsi, hayaƙi ya tashi. Inuwa a wurinsu ba baƙa ba ce, tana da shuɗi da shunayya, kamar yadda duk wanda ya lura da gulbi da la'asar zai shaida. Masu saye na zamanin suka ce aikin da ba a gama ba ne.

An yi irin wannan baje koli sau takwas tsakanin 1874 da 1886, kuma Pissarro kaɗai ne ya shiga dukkansu. Shi ne babba a shekaru, shi ke sasanta su idan sun yi faɗa, wanda kuwa suna yawan yi. Cézanne ya zauna kusa da shi a Pontoise yana koyo. Paul Gauguin, wanda a lokacin dillali ne a kasuwar hannun jari, a hannunsa ya fara. Sai dai dattako ba ya biyan kuɗin haya. Ya sha yawo a titunan Paris da zane a hammata yana neman mai saye, ya zana mahuci da faranti don a sami na abinci. Ana ba da labarin wani mai gidan abinci, Eugène Murer, da ya shirya ƙuri'a don taimaka masa, aka sa zanensa a matsayin kyauta. Yarinyar da ta ci ta roƙi a musanya mata da kek. A 1882 bankin Union Générale ya karye, Durand-Ruel ya shiga bashi, sayayya ta tsaya. Dillalin bai farfaɗo ba sai da ya kwashi ɗaruruwan zane ya kai New York a 1886, inda Amurkawa suka saya abin da Faransawa suka raina.

Shi ma ya ƙara wa kansa wahala. A 1885 ya haɗu da wasu samari, Georges Seurat da Paul Signac, masu zane da ƙananan ɗigo-ɗigo bisa lissafin kimiyyar launi. Yana da shekara 55 ya ajiye salon da ya fara karɓuwa ya bi yara. 'Yan masu sayen da yake da su suka watse. Bayan kamar shekara huɗu ya gane dabarar tana cin lokaci, tana kuma daskarar da abin da yake so ya kama yana motsi, ya bar ta. Ɗan kasuwa zai ce wauta ce, kuma ta fuskar ciniki ba za a musa masa ba.

Taga a birnin Rouen

Abin da ya mai da shi bakin tasha ciwo ne. Daga ƙarshen shekarun 1880 wani ciwon ido ya kama shi, hanyar hawaye tana kumbura idan iska ko ƙura ta buge shi. Mutumin da ya gina sana'arsa kan zama a fili ya zama ba ya iya daɗewa a waje. Sai ya koma kama ɗaki a benen otal, ya kafa ƙyallensa a bakin taga. A lokacin kuma al'amura sun fara sauƙi: baje kolin ayyukansa da Durand-Ruel ya shirya a 1892 ya yi kasuwa, a shekarar ce kuma suka sayi gidan da suke haya a ƙauyen Éragny tun 1884, da rancen da Monet ya ba su.

Rouen birni ne a kan Seine inda manyan jiragen teku ke iya hawowa su sauke kaya. Ya taɓa zuwa a 1883. A farkon shekarun 1890 Monet ya zauna a garin ya zana fuskar babbar majami'arsa sau da dama, kowane da haskensa, aka yi ta yabo. Da Pissarro ya koma a Janairun 1896, ya kama ɗaki a Hôtel de Paris, wanda tagoginsa ke kallon kogi. Abin da ke gabansa shi ne gadar Boieldieu, gadar ƙarfe da aka buɗe a 1888, da unguwar ma'aikata ta Saint-Sever a ƙetare, da tashar jirgin ƙasa, da bututan masaƙu. A ƙarƙashin tagar kuma ga jirage masu tururi, ga injinan ɗaga kaya, ga leburori suna sauke kwal da katako da ganguna.

Ya dawo a kakar wannan shekara, ya sake dawowa a 1898, a Hôtel d'Angleterre. Yakan jera ƙyallaye da yawa a ɗaki, ya yi aiki a kan wannan idan ana ruwa, ya koma wancan idan hazo ya sauka, ya ɗauko wani idan rana ta kusa faɗuwa. Gwamman zane suka fito daga waɗannan tagogi. Mafi shahara shi ne na gadar Boieldieu ana ruwan sama, wanda yanzu yake gidan adana zane na Ontario a birnin Toronto na Kanada. Gadar ta ratsa hoton a karkace, cike da mutane masu lema da kekunan doki. A gaba, farin tururin injin ɗaga kaya yana tashi, wasu mutane suna aiki a kan jirgi. Ba wanda aka zana wa fuska. Kowane mutum bugun burushi biyu ne ko uku, amma kana iya gane mai ɗauke da kaya daga mai tafiya hannu sake, ta yadda bayansa ya sunkuya.

A nan ya bambanta da abokansa. Monet da Renoir sun fi son Seine ta ranar Lahadi, ta masu wanka da masu tseren kwale-kwale. Monet ya taɓa zana masu sauke kwal a 1875, suna bin siraran katako daga jirgi zuwa gaɓa, amma bai mai da wannan hanyarsa ba. Guillaumin ne ya fi kusa da shi, da hotunansa na bututan Ivry. Pissarro kuwa kogin ranar aiki ya zaɓa, ya kuma yi ta komawa gare shi har tsufa.

Akwai siyasa a ƙarƙashin wannan zaɓi. Yana cikin masu ra'ayin cewa talakawa za su iya tafiyar da al'amuransu ta gama kai ba tare da gwamnati ko masu jari sun hau kansu ba. Yana karanta Proudhon da Kropotkin, yana taimaka wa jaridun Jean Grave da kuɗi da zane ko da shi ma ba shi da shi. Wajen 1889 ya haɗa wani kundin zane na alƙalami don 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu, yana nuna cin zalin masu kuɗi da wahalar ma'aikata. Da aka kashe Shugaba Sadi Carnot a Yunin 1894, aka shiga kamen masu irin ra'ayinsa, sai ya yi zamansa a Beljiyam wasu watanni. Abin lura shi ne bai shigar da wannan zafi cikin manyan zanensa ba. Ba za ka ga mai kuka ko mai ɗaga hannu a tashar Rouen ba, aiki kawai ake yi. Wasu masana suna ganin wannan rauni ne, cewa ya mai da gumin mutane abin ado ga bangon attajirai, tunda su ne masu saye. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kafin shi, attajiran ba su saba rataya ɗan dako a falonsu ba ko kaɗan.

Shekarun ƙarshe

Tsufansa bai zo da hutu ba. A 1897 Lucien ya kamu da shanyewar ɓarin jiki a Landan, a ƙarshen shekarar kuma wani ɗansa, Félix, ya rasu da tarin fuka yana da shekara 23. Sannan rikicin Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa, ya raba Faransa biyu. Pissarro ya tsaya tare da masu cewa an zalunce shi. Edgar Degas, abokin tafiyarsa tun baje kolin farko, ya daina yi masa magana. A cikin wannan hali ne ya zana jerin hotunan titin Montmartre daga tagar otal a 1897, daga baya ya kama gida a tsibirin da ke tsakiyar Paris yana zana gadar Pont Neuf da jiragen da ke wucewa. Ɗaya daga cikin hotunan titin Montmartre an sayar da shi a gwanjon Sotheby's a Landan a Fabrairun 2014 kan kusan fam miliyan 20.

Ya yi damina biyu a tashar Dieppe, 1901 da 1902. A Yulin 1903, watanni kaɗan bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, a watan da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi, dattijon mai farin gemu ya kama ɗaki a Hôtel Continental da ke Le Havre, tashar da zanen Monet ya samo musu suna shekara 29 da suka wuce. Ana aikin faɗaɗa tashar a lokacin, don manyan jiragen da ke kawo auduga da kofi sun fi ƙarfin tsohuwar mashiga. Ya zana fiye da hoto 20 a wannan zama, gidan adana kayan tarihi na garin ya sayi biyu. Ya koma Paris a ƙarshen Satumba, ciwo ya kwantar da shi, guba ta shiga jininsa, ya mutu ranar 13 ga Nuwamban 1903 yana da shekara 73. An binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Julie ta rayu bayansa har 1926.

Gadar Boieldieu da ya zana an tarwatsa ta a Yunin 1940 don a tare sojojin Jamus, wadda ke wurin yanzu an gina ta ne bayan yaƙi. Tsakiyar Le Havre da bakin tasharta kuma bama-bamai suka share su a Satumban 1944.